Jirage uku a rairayin Kufra: laccar da aka gabatar a Zariya

Assalamu alaikum, malamaina da ɗalibai. Mu a nan Zariya mun san hazo. Idan hunturu ya kankama, kana Kofar Doka ba ka hango abin da ke gabanka sosai, jiragen kwalejin tuƙi ma sai su haƙura su zauna a ƙasa. To ku riƙe wannan a zuciya, mu tafi Libiya.

A ƙarshen watan Afrilun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an girke jirage uku ƙirar Blenheim na sojan saman Afirka ta Kudu a Kufra, wani zango mai ruwa da dabino a kudu maso gabashin Libiya. Aikinsu leƙen asiri, su hango abokan gaba tun daga nesa. Ran 4 ga Mayu suka tashi sintiri, mutum 12, don su saba da yankin. Ba su dawo ba.

Babu wanda ya harbe su, jama'a. Iskar sama ce ta riƙa tura su gefe a hankali, alhali sun tashi ba su tsaya karɓar rahoton yanayi ba. A nan, matuƙi ya ga Dutsen Kufena ya san inda yake. Can kuwa rairayi ne iyakar ganinka, tudu kamar tudu. Da suka rasa Kufra sai suka sauka, suka riƙa tayar da jirgi ɗaya yana neman hanya, mai yana ƙarewa, har ɗaya ya tafi bai komo ba.

Sannan guguwar rairayi ta taso, ta hana masu nema ganin ƙasa kwana da kwanaki. Wannan wurin ne yake taɓa ni. Ruwan da suke da shi sun sha da yawa tun ranar farko, don sun ɗauka gobe za a zo. Da ƙishirwa ta yi tsanani, wasu suka fasa na'urar nuna alkibla suka sha sinadarin da ke ciki, wasu suka fesa wa jikinsu ruwan kashe gobara don su ji sanyi, fata ta yi bororo. Duk wanda ɗansa ya bi hanyar Agadas ya san irin wannan labari.

Ran 9 ga wata aka ga jirgi ɗaya da gawa uku. Ran 11 aka iske sauran biyun. Mutum ɗaya tak aka samu da rai, sunansa Noel Juul.