Na ga maganaɗisu yana huda ƙarfe a digiri 269 ƙasa da sifili

Jama'a, ku matso ku dubi allon nan. Waɗannan ɗige-ɗigen da suka jeru, kowanne da shida kewaye da shi kamar saƙar zuma, su suka sa ni murna yau. A waje zafin Jidda na dukan mutum, amma cikin tukunyar nan ruwan hiliyom ne, digiri 269 ƙasa da sifili. Mu da muke kuka da hunturun Kano!

Abin da ke ciki ɗan ɓallin NbSe2 ne, wani haɗin ƙarfen niyobiyom da sinadarin seleniyom. Da zarar ya sauka ƙasa da kelbin 7.2 (kusan digiri 266 ƙasa da sifili), lantarki na ratsa shi ba turjiya ko kaɗan. In aka kunna maganaɗisu, ba ya shiga ko'ina, sai ya huda ta siraran hanyoyi, su ne ɗige-ɗigen nan. Masanin kimiyya Abrikosov ya lissafo haka a 1957, a 1989 aka gan su da na'urar STM, irin wannan tamu mai laluben fuskar abu da tsinin allura, a ɗakin binciken Bell Labs ta Amurka. A ƙarfin maganaɗisu na tesla 1, tazarar ɗigo da ɗigo kusan nanomita 49 ce (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya).

Allurar na'urar ba ta taɓa ɓallin, ku lura. Ana tsayar da tsininta ƙasa da nanomita 1, lantarki ya tsallaka. Ka matso da ita nanomita 0.1, wutar ta ninka kusan sau 10. Shi ya sa girgiza ce babbar abokiyar gaba: famfon zuƙe iska, na'urar sanyaya ɗaki, har takun mutum. In ka ga layuka na maimaita kansu a hoton, duba wayar ƙasa (at) tukuna, wataƙila kaɗawar wutar lantarki ce ke shigowa. Wutar Saudiyya sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, ba 50 irin ta gida ba, kada ka ɓata dare kana neman 50.

Ɓallin kuma a ɓare shi da salatif a inda aka zuƙe iska, don fuskar da ta sha iska ta ƙazantu. Sannan ka riƙa sauya boltej kaɗan-kaɗan ka nemi giɓin da ke kusa da sifili, wato inda lantarki ke ƙin tsallakawa, irin wanda masanin kimiyya Giaever ya auna a 1960. A kelbin 4.2, wato sanyin ruwan hiliyom, zafi kansa yana dishe giɓin da fiye da milibolt 1, ga shi giɓin bai wuce haka sosai ba. Sauka ƙasa da kelbin 1 in kana son gefensa ya fito tas. Hiliyom ɗin dai tsada gare shi, ko da Katar mai samar da shi na nan kusa, don haka kada ka bar bututun mayar da shi a buɗe.