Karanta gadon shanunmu da kwamfuta

Jama'a masu kallo, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Alaba Rago a Legas ana dab da Babbar Sallah, ko ya tsaya a mayankar Oko-Oba da ke Agege da sassafe, ya ga yadda dillali yake dafa gadon bayan dabba, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, nan take ya faɗi shekarunta da yawan naman da za ta bayar. Akwai kuma abin da hannu ba ya kaiwa gare shi, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittarta, wanda masana ke kira DNA.

Haruffa huɗu kacal ne ake wannan rubutu da su, amma a jikin saniya sun jeru kusan sau biliyan uku cikin ƙunshi 30 da ta gada daga uwa, da kuma kimanin haka cikin wasu 30 daga uba. Yawancin na'urorin da ke karanta shi sukan fito da shi ne gutsi-gutsi, kowane guntu haruffa kamar 150, tamkar littafin da aka yayyaga aka watsa a tsakar gida. Harhaɗa miliyoyin guntayen nan, da gano inda wannan dabba ta bambanta da waccan, shi ne aikin ilimin sarrafa bayanan halitta da kwamfuta.

Mai harhaɗawa yana buƙatar cikakken kwafin da zai riƙa dubawa. Wanda aka fitar a 2009 na wata saniya ce mai suna Dominette, irin Hereford marar tozo, da aka yi kiwonta a Amurka. Idan aka gwada Bunaji ko Bokolo ko Rahaji da wannan ma'auni, wasu sassan da shanunmu masu tozo suka keɓanta da su ba sa samun gurbi, sai su salwanta a lissafi. Wannan asara ce babba, domin wataƙila a irin waɗannan sassa ne jure zafin rana da ƙarancin ciyawa yake. Haka nan Muturu da N'Dama, waɗanda ke rayuwa a dazukan kudu inda ƙudan tsando yake, suna jure cutar sammore da ke kassara manyan shanun arewa, kuma binciken wannan juriya yana buƙatar kwafi daga jininsu.

Ana kuma buƙatar manyan kwamfutoci, tun da bayanan dabba ɗaya sukan ci gigabayit da dama, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ana tsakiyar lissafin kwana uku ba, da matasan da suka haɗa ilimin dabbobi da rubuta manhaja. Cibiyoyin binciken dabbobi irin su NAPRI a Shika ta Zariya da ILRI a Nairobi ba su wadatu da irin waɗannan matasa ba sai an horar da su da yawa.

Amma a ganina giɓin da ya fi kowanne girma shi ne rashin rubutaccen tarihin dabba. Manoman Amurka sun fara zaɓen bijimai ta hanyar DNA a 2009 ne saboda sun shafe shekaru masu yawa suna rubuta madarar kowace saniya. Makiyayinmu ya san wace saniya ce ke cika ƙwarya, ya san uwarta da kakarta, ya san wadda ta tsallake rani ba ta rame ba, sai dai duk a ƙwaƙwalwarsa suke. Ranar da aka ɗora ta a tirela zuwa Legas, wannan sani ba ya biyo ta, kuma kwamfuta ba za ta iya danganta haruffa da halin da ba a rubuta mata ba.