Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Fadamar Tace Ruwan Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Kwamishina, manyan baƙi, 'yan uwa ma'aikata, a madadin duk wanda ya zubar da gumi a wurin nan, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun iso lafiya.

Ranka ya daɗe, ga kwalabe biyu a gabanka. Ta farko a mashigar ruwa aka ɗebo ta bayan ruwan daren jiya, baƙi ƙirin, maiƙon baƙin mai na ƙyalli a samanta. Ta biyu daga mafita ce. Ba na sha ba ne, kada wani ya kurɓa, amma kogi zai karɓe shi ba tare da kifi ya mutu ba. Tsakanin kwalaben nan babu inji, babu alam, sai wannan fadama da aka haƙa.

Ruwan sama in ya wanke kwalta da rufin kwano, yakan kwaso yashi da man mota da ragowar taki, har da ɓurɓushin darma da tutiya. Kududdufin farko mai zurfi ke karya masa gudu, laka ta kwanta, ta tafi da yawancin ƙarafan da ke manne da ita. Sai ya ratsa kachalla sannu a hankali. Mutane na zaton ciyawar ce ke shanye dattin, alhali abin da take sha kaɗan ne. Babban aikin na bakteriya ne da ke maƙale a saiwa da kara: su ke cinye man, su mayar da naitirojin taki iska ya tashi. Inda ruwan ba zurfi kuma, rana ta kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Tun shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Dakta Käthe Seidel, ta gwada dabarar a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Jamus.

Sai dai, ranka ya daɗe, darma ba ta ruɓewa. Dole a riƙa yashe lakar, a kai ta inda ba za ta komo ruwa ba. In aka bari kududdufin ya cike, ruwa zai wuce da dattinsa, abin da ya rage ya zama gidan sauro. Kokenmu ke nan: a ware kuɗin yashewa a kasafin kowace shekara.

In ka amince, mu taka zuwa mashigar ka gani da idonka. A bi a hankali, gefen akwai santsi.