Manunin aiki a Fortran: laifinku ne ko na kompilata?

Ku dubi layin nan a allo: procedure(ruwa), pointer :: p. Layin na Fortran ne, yaren rubuta shirin kwamfuta. Wannan p manunin aiki ne: ba lamba yake riƙewa ba, adireshin wani aiki mai siffar ruwa ne a hannunsa. Yau ku nuna masa wata dabarar lissafin ruwan sama, gobe wata daban, sauran shirin bai motsa ba. Ƙa'idar Fortran 2003 ce ta zo da shi, gfortran kuma, kompilatan Fortran na GCC mai fassara shiri zuwa umarnin na'ura, ya fara karɓarsa a siga 4.4, cikin 2009. Manyan shirye-shiryen hasashen yanayi irin su WRF da Fortran aka rubuta su, don haka mai nazarin damina a Jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai ba ya rabuwa da wannan yare.

Idan gfortran ya tsaya cak ya rubuto internal compiler error, babu gardama, laifin kompilata ne, ko da rubutunku ma da kuskure. Ku rage shirin zuwa layi ashirin, ku gwada shi da wani kompilata kamar ifx ko flang, sannan ku kai rahoto Bugzilla, shafin karɓar rahoton kurakurai na GCC, tare da abin da gfortran -v ya nuna.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne wannan. Fortran 2008 ya yarda p ya nuna aikin ciki, wato wanda ke ƙarƙashin contains na wani aiki. Aikin ciki yana taɓa kayan mai masaukinsa, wato aikin da yake cikinsa, don haka adireshi kaɗai bai ishe shi ba. Sai gfortran ya rubuta ƴar guntuwar umarni a kan stak, wato ma'ajiyar wucin gadi ta shirin, ana ce mata taramfolin, p ya nuna ta. To, in na'ura ta hana gudanar da umarni daga stak saboda tsaro, shirin da ya yi aiki lafiya a kwamfutarku zai faɗi a ta ofis da segmentation fault. Tun siga 2.39 na binutils, kayan haɗa shiri, ake gargaɗi a kan haka wajen haɗawa, kada ku tsallake shi.

Ku ƙara wa gfortran -Wtrampolines, zai nuna muku wurin. Magani kuwa, ku fitar da aikin ku sa shi cikin module, kayan da yake buƙata ku miƙa masa kai tsaye. In ma kun bar shi a ciki, da zarar mai masaukin ya gama, adireshin da ke hannun p ya daina aiki, kiransa haramun ne a ƙa'idar yaren.

Abu ɗaya kuma: rubuta => null() a layin gabatar da p cikin aiki yana sa masa save a ɓoye, wato ya riƙe abin da ke hannunsa daga kira zuwa kira. A kira na biyu ba fanko za ku tarar ba, adireshin jiya ne. Ku sa nullify(p) a farkon umarni.