Kwalkwalin VR na Wasan Gem: Abin da Masu Gwajin Farko Suka Tarar

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan'uwa da suka halarci wannan zama, barkanmu da warhaka.

Maganarmu ta yau a kan kwalkwalin VR ce, na'urar nan da mutum ke ɗaurawa a fuska ta rufe masa ido, sai ya tsinci kansa a tsakiyar wasan gem, ba kallonsa yake yi a talabijin ba. Za mu tsaya a kan zubin farko, daga 2013 zuwa 2016, domin a waɗannan shekarun ne aka gano abin da ke aiki da abin da ke sa mutum amai. Ku riƙe wannan tun yanzu: mai saye yakan fara tambayar kyan hoto, amma abin da ke raba na'ura mai kyau da marar kyau shi ne ko hoton yana bin motsin kai daidai, kuma a kan lokaci.

A watan Agusta na 2012 wani matashi ɗan Amurka, Palmer Luckey, ya nemi dala 250,000 a dandalin Kickstarter domin ƙera Oculus Rift, jama'a suka tara masa kusan dala miliyan 2.4. Kafin nan John Carmack, gwanin shirya gem, ya riga ya nuna samfurin a baje kolin E3 na wannan shekarar. A 2013 aka fara raba DK1, wato samfurin gwaji na farko na Rift, a kan dala 300, kuma masu shirya gem aka yi wa ita, ba 'yan wasa ba. Allonta ɗaya ne, inci 7, mai ɗigo 1280 a kwance da 800 a tsaye, aka raba shi biyu, kowane ido ya samu 640 da 800. Gilashi mai kumburi ke gaban kowane ido yana buɗa hoton har ya cika gani.

Waɗanda suka fara sawa sun yi ta faɗin abu biyu. Na farko mamaki, domin girman abubuwa ya zama na gaske: bango mai tsawo sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa, bakin rami kuma ƙafa kan ƙi takawa ko da mutum ya san a ɗaki yake. Na biyu ƙorafi. Tunda gilashin yana ƙara girman allo, layukan da ke tsakanin ɗigo suna fitowa fili, kamar mai leƙen duniya ta cikin gidan sauro. Ƙananan rubutu ba ya karantuwa. Sannan da yawa daga cikinsu ba su daɗe ba zuciya ta fara tashi.

A nan ya kamata mu ɗan zauna, domin tashin zuciyar nan shi ne babban abin da ya tsara duk na'urorin da suka biyo baya. A can cikin kunne akwai gaɓoɓin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi, da inda ya karkata. Ido ma yana kai nasa rahoton. Idan rahotannin biyu suka saɓa, sai jiri, gumi mai sanyi, yawan miyau da tashin zuciya su biyo baya. DK1 tana haddasa wannan saɓani ta hanya uku.

Ta farko, juyawar kai kawai take ji. A cikinta akwai ma'aunin juyi, ma'aunin motsi da ma'aunin maganaɗisu, suna ba da rahoto sau 1000 a daƙiƙa, don haka ta san ka waiga dama ko ka ɗaga kai. Amma idan ka sunkuya gaba don ka duba abu a kan tebur, ba ta sani ba. Kunnenka ya ce ka matsa, idonka ya ce duk duniya ta matsa tare da kai. Ta biyu, jinkiri. Daga lokacin da kai ya motsa zuwa lokacin da sabon hoto ya shiga ido, masana harkar sun tsaya a kan cewa bai kamata ya wuce milisakan 20 ba, wato kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Allon DK1 sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kowane hoto yana cin kusan milisakan 17 shi kaɗai, tun ba a lissafa aikin kwamfuta ba. Ta uku, dishi-dishin hoto. Allon LCD yana barin hoto a kunne har sai na gaba ya zo. Kai kuwa bai daina juyawa ba, ido yana bin abin da yake kallo, sai hoton ya shafe a kan ido, komai ya dagule har sai an tsaya cak.

DK2 ta fito a Yuli 2014 a kan dala 350, 'yan watanni bayan Facebook ya sanar da sayen Oculus, kamfanin da ke ƙera Rift, a kan kusan dala biliyan 2. Gyare-gyarenta sun nuna an fahimci ciwon. An sa allon OLED mai 1920 da 1080, irin na wayar Galaxy Note 3, yana sabuntawa sau 75. An sa shi ya haska kowane hoto na milisakan 2 ko 3 kacal sannan ya yi duhu, ido bai lura da duhun ba, amma shafewar nan ta ragu ƙwarai. An kuma jera ƙananan fitilu a jikin kwalkwalin, masu hasken da ido ba ya gani, kyamara a kan tebur tana kallonsu tana lissafa inda kai yake. Daga ranar mutum ya iya leƙa bayan kusurwa. A ganina wannan kyamarar ta fi ƙarin ɗigon allon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sai 2016, shekarar da uku suka shiga kasuwa. Oculus Rift a ƙarshen Maris a kan dala 599, HTC Vive da aka yi tare da kamfanin Valve a farkon Afrilu a kan dala 799, sai PlayStation VR ta Sony a Oktoba a kan dala 399. Rift da Vive allonsu ɗaya a lissafi: 1080 da 1200 ga kowane ido, sau 90 a daƙiƙa. Bambancin yana hannu da ƙafa. Rift ta zo da fad ɗin Xbox One, wato abin sarrafa gem mai maɓallai, ana wasa a zaune, hannayenta na Touch, na'urori biyu da ake riƙewa suna bin motsin hannu, ba su fito ba sai Disamba, da ƙarin dala 199. Vive ta zo da hannaye biyu tun ranar farko, kuma tana barin mutum ya miƙe ya zagaya ɗaki. Masu gwaji da yawa sun ce Rift ta fi sauƙi a kai, ga abin sauraro a jikinta, amma miƙa hannu a ɗauki abu a Vive shi ne ya fi tsaya musu a rai.

Kafin mu je ga haɗawa, a duba kwamfuta. Gem na yau da kullum a allo mai ɗigo 1920 da 1080, sau 60 a daƙiƙa, yana buƙatar ɗigo miliyan 124 a daƙiƙa. Rift tana buƙatar miliyan 233, kuma da yake ana zana hoton ya fi allon girma don a gyara lanƙwasar gilashi, Oculus da kansu sun ce abin yana kai kusan miliyan 400. Shi ya sa suka nemi katin hoto GTX 970 ko R9 290, da Intel i5-4590, da RAM giga 8, da ramin USB 3.0 guda uku. Kowane hoto dole ya kammalu cikin milisakan 11. A talabijin idan hoto ɗaya ya makara, ɗan tsaiko ne. A kwalkwali duniya ce take karkarwa a idonka. Dabarar da aka fito da ita ita ce a ɗauki hoton baya a ɗan juya shi gwargwadon sabon motsin kai, a nuna shi a madadin wanda ya makara. Tana rufa asiri, amma ba ta maye gurbin kati mai ƙarfi. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa na lokacin sun ƙi aiki ko da katinsu mai kyau ne, saboda ramin HDMI ɗinsu ba a jikin babban katin aka haɗa shi ba.

Haɗa Vive kuwa aiki ne na mai haƙuri. Ana buƙatar fili aƙalla mita 2 da mita 1.5 babu kujera babu tebur. Akwatuna biyu masu feshin hasken leza, waɗanda da su ake gane inda kwalkwali da hannaye suke, ana kafa su a kusurwoyi masu fuskantar juna, sama da kai, wajen mita 2 daga ƙasa, a karkata su ƙasa digiri 30 zuwa 45, kada tazararsu ta wuce mita 5. Kowanne yana son soket nasa. Idan suna ganin juna, ɗaya a sa shi a tashar b ɗaya a c. Idan wani abu ya tare, a haɗa su da wayar da ta zo a kwali, a sa A da b. A cikin kowane akwati akwai injin da ke juyi, saboda haka idan an ɗora shi a kan abu mai rawa, hoto zai yi ta girgiza. A ɗaure shi da kyau a bango. Bayan nan a ajiye hannayen a ƙasa don na'ura ta san inda daɓe yake, sannan a zagaya da hannu ɗaya a zana iyakar fili. Wanda ya yi sakaci a awon daɓe zai ga kansa yana shawagi, ko ƙafarsa ta nutse. Idan hoto yana ɗaukewa ya koma toka, a fara neman madubi, gilashin taga ko talabijin mai sheƙi, domin suna mayar da hasken leza su rikita lissafi. A rufe su da zane.

PlayStation VR ta bi wata hanya. Allonta 960 da 1080 ne ga kowane ido, ƙasa da na sauran, kuma ta fi su nauyi, wajen giram 600. Duk da haka masu gwaji da yawa sun ce ita ta fi daɗin sawa, domin nauyin yana kan goshi da ƙeya ta hanyar zoben da ya zagaye kai, ba a kan kumatu da hanci ba. Rauninta yana wajen bin motsi. Kyamara ɗaya ce ke kallon fitilu 9 na kwalkwalin da ƙwallayen da ke haske a saman hannayen Move na Sony, waɗanda tun 2010 aka yi su. Fitila mai ƙarfi ko taga a bayan ɗan wasa tana ruɗa kyamarar, kuma da ka juya mata baya jikinka ya tare hannayen, sai su ɓace.

Yawancin masu cewa hoto ba ya fita, matsalar sawa ce. Gilashin yana da wuri ɗaya a tsakiya inda hoto ya fi fita tas. A sassauta maɗauri, a riƙe kwalkwalin da hannu, a ɗaga shi sama da ƙasa a hankali har rubutu ya fito, sannan a ɗaure. Daga nan a daidaita tazarar gilasai da tazarar ƙwayar ido. Matsakaicin babba wajen milimita 63 ne; Rift tana da maɓalli a ƙasa mai zuwa daga 58 zuwa 72, Vive tana da abin murɗawa a gefe. Kuskure a nan ciwon kai yake kawowa. Akwai kuma aibin da ba ya gyaruwa: gilasan Rift da Vive masu zobe-zobe ne, farin rubutu a kan baƙin fage yana fitar da zaren haske. Kuma don Allah kada a bar hasken rana ya faɗa kan gilashin, domin yana tattara shi ya ƙona allo. A wuri mai zafi soson fuska yana shan gumi, gilashi yana yin tururi. A kunna fanka, a goge da ƙyalle mai laushi kawai.

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya a takarda: idan na'ura ta cika duk sharuɗɗan nan, shi ke nan babu jiri? A'a, Malama, saura gem ɗin kansa. Idan kina zaune kika tura sandar fad, hoto ya ruga gaba ko ya juya, kunne zai ƙaryata ido komai ingancin na'ura. Shi ya sa masu shirya gem suka koma ga tsalle: ki nuna wuri, ki danna, ki bayyana a can. Juyi ma suka mai da shi ɓalli-ɓalli, suka riƙa rage faɗin gani lokacin gudu. Wasannin da mutum ke zaune a cikin jirgi ko mota, irin su EVE: Valkyrie, suna ba ido abin da ya tsaya cak ya dogara da shi, amma jujjuyawarsu tana kayar da wasu. Sabon shiga ya fara da wasan da ake tsaye wuri ɗaya, irin Job Simulator, minti 10 zuwa 15, wani yana kusa yana kula masa da wayar da ke bin ƙafa. Da ya ji ɗumi a fuska ko miyau ya taru, ya cire nan take, kada ya ce zai daure, kuma kada ya hau babur ko ya tuƙa mota sai ya dawo daidai. Game da yara, a lokacin Oculus sun sa mafi ƙarancin shekara 13, Sony kuma 12, ɗaya daga cikin dalilan shi ne tazarar idon ƙaramin yaro takan gaza abin da gilashin ke iya daidaitawa.