Sankarau da allurar maniyyata: laccar da aka gabatar wurin bita a Sakkwato

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayenmu, alhazan bana in sha Allahu. Abu uku zan faɗa a kan sankarau. Na baya kuna ji na? To madalla.

Na farko, ita kanta cutar. Ƙwayar bakteriya ce, mazauninta maƙogwaro da bayan hanci. Cikin mutum goma ana iya samun ɗaya ɗauke da ita, yana yawonsa lafiya ƙalau. Tari, atishawa, kwana a ɗaki ɗaya cikin cunkoso, shi ke nan ta tsallaka. In ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Jariri kuwa maɗigarsa ke kumbura. Tana kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira ma wani sai ya kurmance. Ku ruga asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na biyu, allura. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Saudiyya ba don neman fitina ta wajabta ta ba. Ƙwayar nan nau'i-nau'i ce, da haruffa ake kiran su. A Hajjin 1987 nau'in A ya ɓarke, alhazai suka kwashe shi zuwa ƙasashensu. A 2000 da 2001 nau'in W ya sake yin haka. Tun daga nan ba mai shiga aikin Hajji sai da allurar da ta haɗa nau'i huɗu: A, C, W da Y. Ku dubi tantin Mina, katifa jikin katifa, ɗan Indonesiya yana tari, ɗan Turkiyya yana tari, kai ma kana naka. Wane alhaji ne ya taɓa dawowa ba tari? Hajiya na dariya, ta sani!

Sharaɗin shi ne a yi ta aƙalla kwana 10 kafin ka isa. Kwana 10, ku riƙe wannan. Jiki sai ya ɗauki kwanakin nan kafin ya haɗa garkuwarsa. Wanda aka yi wa ranar da aka kira jirginsu, ya sauka Madina da kati a hannu, jikinsa kuwa a buɗe yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu neman a buga musu hatimi a katin nan mai ruwan ɗorawa ba tare da allura ta taɓa damtsensu ba. Wallahi ana yi. Alhaji, wa ka yaudara? Ka biya miliyoyi kuɗin kujera, sannan ka gudu wa tsinin allura? Kuma ba kai kaɗai abin zai ci ba. Ranar da ka dawo gida cika yake, jikoki a cinya, kowa na jiran dabino da zamzam. Ƙwayar da ka ɗauko a maƙogwaro, kai ba ta kayar da kai ba, jaririn nan za ta kama. Dattawan da ke nan sun tuna 1996, mutum fiye da 11,000 suka rasu a Najeriya, mafi yawa a Arewa. Mun gani da idonmu. Kwana 10, na ce.

Na huɗu... na uku ne? To, lokacin cutar: daga hunturu zuwa bazara, ƙura da bushewar iska na farfasa cikin hanci, sai ruwa ya sauka take lafawa. Ku buɗe tagogi, a rage cunkoson ɗaki.

Na'am Baba, a miƙa masa abin magana.

Baba ya ce an yi wa 'ya'yansa allurar sankarau shekarun baya, kuma su 'yan kasuwa ne, Illela zuwa Ƙwanni ta Nijar suke, ba Makka ba; shin suna buƙatar wata allurar? Baba, Allah ya saka da alheri, wannan tambaya ta fi laccar. Waccan allura, MenAfriVac, wadda ta shigo Najeriya a 2011, nau'in A kawai take karewa, kuma ta yi aikinta. Amma a 2013 sabon nau'in C ya ɓulla a nan jihar Sakkwato, shi ne ya yi ɓarna a 2017 a Zamfara da nan da Katsina, sama da mutum 1,000 suka tafi. Nijar da mu duk yankin sankarau ɗaya muke, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai nau'i biyar, har da X. Ka tura su asibiti da tsohon katinsu a duba wacce aka yi musu. An kira salla, sauran tambayoyi bayan La'asar.