Diyyar Bauta: Shin Majalisar Ɗinkin Duniya Ta Ce A Biya?

[Hoto: waya a hannu, saƙonni na ta shigowa]

Idan an turo maka saƙo a WhatsApp wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a biya baƙar fata diyyar bauta, har da wurin cike suna da lambar asusu, to ka riƙe lambarka. Babu wani rabo. Sai dai maganar tana da tushe, kuma tushen ne aka murɗe.

[Taswirar Tekun Atlantika]

A gurguje. An loda mutum kusan miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka. Kusan miliyan 2 ba su sake taka ƙasa ba. Wajen kashi 40 cikin 100 Brazil aka kai su, kuma har da namu a ciki: a 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salbado na jihar Bahiya, galibinsu Yarbawa, da Hausawa tare da su. An tsinci layu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Yau kimanin mutum miliyan 200 a nahiyoyin Amurka ke cewa asalinsu Afirka ne. Domin su da ire-irensu a duniya Majalisar ta ware shekara goma, 2015 zuwa 2024. A Disambar 2024 ta ƙara wasu goman, zuwa 2034.

[Babban zauren Majalisar a Niyok, allon ƙuri'u]

To, ga inda ake yin tuntuɓe. Ku kalli zauren nan da kyau. Ƙasa 193, kowacce ƙuri'a ɗaya. Abin da ke fitowa daga nan a kan irin wannan batu sunansa ƙuduri, kuma ƙudurin shawara ce. Ba ya tilasta wa kowa fitar da ko sisi.

Kamar taron dangi ne. An zauna a zaure, an yarda cewa kowa ya riƙa leƙa marayun gidan. An shafa fatiha, an watse. Wanda ya kai buhun masara, Allah ya saka masa. Wanda ya noƙe, iyakarsa a yi da shi a bayan ido, babu ɗan sandan da zai buga masa ƙofa. Inda hukunci ke da haƙora shi ne Kwamitin Sulhu, kuma a can Birtaniya da Faransa da Amurka, waɗanda duk da hannunsu a cinikin bayin, suna da kujerar na-ƙi. Sai ku auna da kanku.

[Tsohon bidiyo: taron Durban, Afirka ta Kudu]

Har kalmomin ma da ma'auni ake zuba su. A taron da Majalisar ta yi kan wariyar launin fata a Durban a 2001, wanda Amurka da Isra'ila suka fice daga cikinsa, an rubuta cewa bauta da cinikin bayi laifi ne ga bil'adama, kuma da haka ya kamata a ɗauke su tun farko. Ku sake saurara: "ya kamata". Wato a wancan zamanin doka ba ta haramta ba, kuma ba a kama mutum da dokar da aka kafa bayan ya gama aikinsa. Ni dai duk lauyan da ya tsara jimlar nan ya ci kuɗinsa.

[Tsohuwar takardar majalisar dokokin Birtaniya]

Abin haushin, an taɓa biyan diyyar bauta. Bayan dokar soke bauta ta 1833, Birtaniya ta fitar da fam miliyan 20. Wa aka bai wa? Iyayengijin bayin, saboda asarar "dukiyarsu". Haiti kuwa, ƙasar da bayi suka ƙwace daga hannun Faransa, ita aka sa ta biya: a 1825 Faransa ta ɗora mata faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta. An yi wa mutum duka, an ce ya biya kuɗin sanda.

[Hotuna a jere, da sauri]

Me aka samu ke nan? A 2021 an kafa dandalin dindindin na 'yan asalin Afirka, mai mambobi 10, aikinsa ba da shawara. Ranar 31 ga Agusta ta zama tasu a kowace shekara. Ƙasashen yankin Karibiyan sun fito da buƙatu 10 tun 2014, ciki har da cikakkiyar neman gafara da yafe basussuka. Tarayyar Afirka ta mai da diyya taken shekarar 2025.

[Firaministan Holan a kan mumbari]

Ga kuma Mark Rutte, firaministan Holan na lokacin, a Disambar 2022, yana neman gafara a madadin gwamnatin Holan. An ware Yuro miliyan 200, amma don wayar da kai da tunawa da tarihin. Ba a tura wa kowa a asusu ba.

Ban raina wannan ba, gaskiya. Shekara 30 baya, kalmar diyya ko a bakin ƙofar waɗannan zaurukan da ƙyar take tsayawa, yau shugabannin ƙasa ke furta ta a ciki. Tattaunawar ma tsakanin gwamnatoci ake yin ta, a kan makarantu da asibitoci da bashi da dawo da kayan tarihi.

[Komawa kan wayar]

Saƙon nan dai, goge shi. Ka kuma kira wanda ya turo maka, wataƙila shi ya riga ya cike.